Masu Ɗaukar Hoton Kangayen Bolori, Ku Gyara Rubutun Da Kuke Yi A Ƙasa



Tun da Allah ya kawo mana sauƙin tsaro, wani sabon yayi ya shigo unguwarmu. Masu kyamara ne ke yawo a titin Baga, su leƙa wajen Fulawa, su bi layin dogo har tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Wasu ma'aikatan ƙungiyoyin agaji ne, wasu 'yan jarida baƙi, wasu kuwa 'ya'yanmu ne masu neman mabiya a TikTok da Instagram. Abin da suke nema iri ɗaya ne: ƙofar ƙarfe mai tsatsa, sito da rufinsa ya rufta, tarago da ciyawa ta tsiro a cikinsa, in an yi sa'a kuma a samu yaro mara takalmi ya tsaya a gaba. Idan an ɗora hoton a intanet sai a rubuta a ƙasa cewa ga yadda Boko Haram ta kashe masana'antun Maiduguri.

Hoton gaskiya ne, kowa yana ganin tsatsar da idonsa. Rubutun da ke ƙasa shi ne ƙarya, kuma ƙarya ce mai cutar da mu. A kan wannan nake so mu yi magana yau.

Wanda zai ɗauki hoton wuri ya kamata ya san abin da wurin yake kafin ya zama kango. Layin dogon da kuke tsayawa a kai kuna ɗaukar hoto an faro shi ne daga Kuru kusa da Jos, ya bi ta Bauchi da Gombe, ya iso Maiduguri a 1964, tafiyar kilomita sama da 600. Rancen farko da Bankin Duniya ya taɓa ba Najeriya, dala miliyan 28 a 1958, na aikin jirgin ƙasa ne, kuma wannan layi yana cikinsa. Ba don ado aka yi shi ba. Gyaɗa, fatu da ƙiraga, ƙaro, shanu da bandar kifin Tafkin Chadi su ne suke hawa jirgi su nufi kudu, kaya masu nauyi kuma su zo mana da araha. Da aka mayar da Maiduguri hedikwatar Jihar Arewa Maso Gabas a 1967, sannan ta Jihar Borno a 1976, sai sito-sito da kamfanoni suka riƙa tashi a wannan ɓangare na gari saboda kusancinsa da jirgi da kuma hanyar Baga. Kamfanin fulawa ya yi sunan da har yau da shi ake kwatancen unguwa. A cikin garin nan an jeme fata an ɗinka takalma a kamfanin Neital, an yi aikin roba, an yi na ƙarfe. Gidaje da yawa a Bolori da albashin waɗannan wurare aka sa tubalinsu, da shi aka kai yara makaranta, da shi aka yi aure aka yi suna.

To yaushe abin ya fara lalacewa? Ku tambayi duk wanda ya haura shekara hamsin a unguwar nan zai faɗa muku. Farashin man fetur ya faɗi a farkon shekarun 1980, kuɗin ƙasashen waje na sayo kayan gyaran injuna ya yi wuya. A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu, aka karya darajar naira. Nairar da take kafaɗa da kafaɗa da dala, zuwa 1993 sai an ba da kusan 22 a farashin gwamnati kafin a samu dala ɗaya. A 1987 aka haramta shigo da alkama daga waje, da fatan gonakin cikin gida za su cike giɓin. Amma babban aikin noman rani na kudancin Tafkin Chadi da ke Marte, wanda aka buɗe kashinsa na farko a 1979 don noman alkama da shinkafa, ya riga ya shiga matsala, domin tafkin ya janye ya bar magudanan ruwa a bushe. Hukumar jiragen ƙasa kanta ta durƙushe da bashi tun ƙarshen shekarun 1980, jirgi ya koma zuwa jefi-jefi, manyan motoci suka karɓe dakon kaya da tsadarsu. Wutar NEPA kuwa, mu da muke can ƙarshen layin wutar ƙasa, mun fi kowa sanin halinta. Masana'antar da take ƙona man dizal dare da rana ba za ta iya gasa da kayan da aka shigo da su daga Sin ba.

Duk wannan ya faru kafin Yulin 2009. Mai musu ya je Kakuri a Kaduna. Masaƙar KTL da aka kafa a 1957 ta rufe a 2002, ta UNTL ta rufe a 2007, dubban ma'aikata suka koma gida hannu rabbana. Ya je Bompai da Sharaɗa a Kano ya ƙirga ƙofofin da ke garƙame. Wane ɗan ta'adda ne ya rufe su? Tsatsar Kakuri da ta titin Baga cuta ɗaya ce ta haife su.

Kada wani ya ɗauka ina wanke masu kisa ne. Mu da muka binne 'yan uwa a Bolori, muka ga mutanen Zajeri da Ummarari da Ngarannam suna kulle gidajensu suna gudu, ba wanda zai koya mana muguntar waɗannan mutane. Markas ɗin da abin ya faro dab yake da tashar jirgin ƙasa, don haka wannan yanki ya sha wuta tun ranar farko. An hana acaɓa a 2011, an katse layukan waya a 2013, hanyar Baga ta yi shekaru tana buɗewa tana rufewa, cinikin kifi da ya riƙe dubban gidaje ya karye. A Janairun 2021 aka tarwatsa turakun wutar da ke zuwa daga Damaturu, gari ya yi wata da watanni a duhu, masu walda da masu niƙa da masu ƙanƙara suka zauna. Sai a Maris na 2023 aka ƙaddamar da tashar wutar iskar gas mai megawat 50. Duk wannan yaƙi ne ya jawo. Amma yaƙin majinyaci ya tarar a kwance ya ƙarasa. Kuma duk mai gaskiya ya san cewa samarin da suka tashi suka tarar da ƙofofin aiki a rufe sun fi sauƙin yaudara ga mai wa'azin ɓata. Idan ka juya tarihin ka sa yaƙi a gaba, rufewar masana'antu a baya, ka hana mutane fahimtar yadda muka faɗa rami, kuma wanda bai san yadda ya faɗa ba zai sake faɗawa.

Wani zai ce ai rubutun ƙasan hoto ne kawai, me ya yi zafi? Ga abin da ya yi zafi. Idan aka ce yaƙi ne ya kashe kamfani, magana ta ƙare, sai addu'a. Ba wanda za a tambaya. Amma idan aka ce kamfani ya tsaya shekaru kafin yaƙi, tambayoyi za su taso ɗaya bayan ɗaya. Wa yake shugabancinsa lokacin da ya tsaya? Ina injunan suka tafi, kuma nawa aka sayar? An biya ma'aikata haƙƙinsu na sallama? Filin da aka keɓe don masana'anta, da izinin wa aka yanka shi aka mayar shaguna da gidan mai? Waɗannan tambayoyi su ne wasu ba sa so a yi, kuma duk hoton da aka rubuta wa "aikin Boko Haram" ya taimaka musu sun yi barci da munshari. An bar jaki ana dukan taiki. Mai ɗaukar hoton bai san ya yi wa wani aiki kyauta ba, amma ya yi.

Laifi na biyu ya fi wannan ciwo, shi ne mayar da mutane kayan ado. A kira almajiri ko ɗan gudun hijira, a ce ya tsaya jikin bango ya daina dariya, a ɗauka, a miƙa masa naira ɗari ko ma ba a ba shi komai ba. Ba a tambayi sunansa ba, ba a nemi uwarsa ko malaminsa ba. Gobe fuskarsa tana kan takardar neman tallafi a Turai ko a shafin wani mai mabiya dubbai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wanda ya yi haka, zai yarda baƙo ya tare ɗansa a ƙofar gida ya ɗauke shi hoto ya watsa wa duniya a matsayin alamar talauci? Bayan cin mutunci akwai haɗari. A garin nan akwai matan da suka kuɓuto daga daji, akwai waɗanda suka ba da shaida, akwai waɗanda ba sa so a san inda suka koma. Fuska ɗaya a hoto tare da alamar wurin da aka ɗauka tana iya jawo wa gida guda masifa.

Ƙannena masu TikTok, ku ma ba ku fita ba. Ban ga laifin saurayi ya so wuri mai tsohon fasali don hoton kafin aure ko bidiyon waƙa ba. Amma taragon da kake hawa kana rawa, wataƙila kakanka ne ya yi dakon buhunan gyaɗa a cikinsa. Ka san shekarar da ya iso garin nan? Ka san dalilin tsayawarsa? Baƙo ya yi rubutun jahilci an ce baƙo ne, kai ɗan gida mene ne uzurinka? Sannan ku ji tsoron Allah ku ji tsoron rayukanku. Ginin da ya yi shekara ashirin ba gyara rufinsa ba ya sallama kafin ya faɗo, akwai macizai, akwai tsofaffin sinadarai, kuma a yankin da aka yi yaƙi ba a tsintar abin da ba a sani ba a ƙasa.

Yanzu bari in juyo kan namu, domin na san akwai masu karanta wannan suna cewa madalla, a kori masu kyamara kawai a huta. Akwai dattawan da ke ganin duk mai ɗaukar hoto ɗan leƙen asiri ne, akwai matasan sintiri da ke karɓe waya su goge abin da ke ciki. Na san inda wannan tsoro ya samo asali, kuma a shekarun baya yana da dalili. Wuraren tsaro har gobe ba a ɗaukarsu, wannan kowa ya yarda. Amma hana hoto gaba ɗaya kuskure ne babba, kuma mu zai cuta.

Ku dubi dalar gyaɗar Kano. Yau ko buhu ɗaya babu a filin. Da ba don hotunan da aka ɗauka a lokacin ba, da yaran yanzu sun ce tatsuniya ce. Gani ya kori ji. Mu kuwa namu tarihin yana zubewa ta ƙofa uku. Ta farko, tsofaffin ma'aikata suna rasuwa, kowane da labarinsa a cikinsa. Ta biyu, ƙarfen kansa yana tafiya, ana kwance shi ana aunawa a kilo, har gwamnatin jiha ta hana sana'ar jari-bola a 2023 bayan an yi ta kashe masu shiga daji neman ƙarfe. Ta uku, ambaliyar 10 ga Satumba 2024, da madatsar Alau ta ɓalle, ta shiga gidajen dangi da abokai a faɗin garin nan ta jiƙe akwatunan da ake ajiye tsofaffin hotuna da takardun ɗaukar aiki. Abin da ruwa ya ci ya ciwu. Abin da ya rage in ba a ɗauka yanzu ba, nan da shekara goma sai dai labari.

Kuma mun ga amfanin kyamara a hannun ɗan gari. A ƙarshen 2023, da aka ga ana loda taragun jirgi a kan tireloli ana shirin fita da su daga Maiduguri, hotuna da bidiyon da suka bazu a waya su ne suka tayar da maganar a ƙasa baki ɗaya, har hukumar jiragen ƙasa ta fito ta yi bayani cewa Jos za a kai su don gyara. Ko ka gamsu da bayanin ko ba ka gamsu ba, an dai tilasta wa hukuma ta yi magana. Da kowa ya bi shawarar a ajiye waya a aljihu, da sai dai mu wayi gari mu ga fili. Haka nan a Maris na 2021 aka ƙaddamar da aikin sake gina layin dogo daga Fatakwal zuwa Maiduguri. Hoton layinmu mai kwanan wata, a ɗauka bana a sake ɗauka baɗi daga wuri ɗaya, ya fi kowace takardar koke ƙarfi wajen nuna inda alƙawarin ya kwana.

Ba sai mun je nesa neman abin koyi ba. Fati Abubakar 'yar garin nan ce, aikin jinya ta karanta. A 2015, lokacin da duniya ba ta san komai game da Maiduguri ba sai bam da gawa, ta fara ɗora hotuna a Instagram da sunan Bits of Borno. Ta ɗauki 'yan kasuwa, ɗalibai, masu biki, yara masu wasa, tana tsayawa ta yi magana da mutum ta rubuta abin da ya faɗa da bakinsa. Manyan kafofin labarai na duniya suka ɗauki aikinta. Kyamara iri ɗaya ce da ta sauran, titunan ma su ne. Bambancin shi ne ita mutane ta je nema, kuma ta ɗauke su a matsayin masu baki.

Wannan rigima ba mu kaɗai muka yi ta ba. Birnin Ditiroit na Amurka, cibiyar ƙera motoci, yana da mutum kusan miliyan 1 da dubu 850 a 1950. Da masana'antu suka watse, zuwa 2020 bai kai dubu 650 ba. Masu hoto daga ko'ina suka riƙa tururuwa suna ɗaukar kangayen kamfanoni da babbar tashar jirgin ƙasarsu da aka rufe a 1988, ana buga manyan littattafan hotuna ana sayarwa da tsada. Mazauna birnin suka fusata har suka laƙaba wa irin waɗannan hotuna suna mai muni, suka kwatanta su da hotunan batsa, domin ana jin daɗin kallon tsiraicin gari ba a damu da dubban mutanen da ke zaune a cikinsa ba. Amma ba su rushe tashar don kunya ba. Kamfanin Ford ya saye ta a 2018, ya gyara, aka sake buɗe ta a 2024. Gini yana tsaye, tarihinsa a rubuce, shi ya sa aka samu abin gyarawa.

Saboda haka ga abin da muke nema daga duk mai son ɗaukar hoto a Bolori, baƙo ne ko ɗan gida.

Na ɗaya, ka yi sallama. Ka je wurin Bulama ko Lawan ka faɗi ko kai wane ne da abin da za ka yi da hoton. Ba kuɗi ake nema ba, kuma duk wanda ya nemi kuɗi da sunan ƙungiya a sanar da mu.

Na biyu, kada ka ɗauki yaro sai da yardar iyayensa ko malaminsa, kada ka ɗauki mace sai da yardarta, kuma ka gaya musu inda hoton zai je. Wanda ya ce a'a, a'a ɗin ta zauna.

Na uku, kafin ka rubuta komai a ƙasan hoton kango, ka nemi wanda ya yi aiki a wurin. Suna nan a majalisu da masallatanmu. Ka rubuta sunan wurin, abin da ake yi a cikinsa, da lokacin da ya tsaya. In yaƙi ne ya rushe shi ka ce yaƙi ne. In tun kafin yaƙi ya mutu ka faɗi haka.

Na huɗu, ka juya kyamararka ka ɗauki abin da ke raye. A jikin katangar da kake kira kango akwai mai walda, akwai kafinta, akwai bakanike da yaransa goma, akwai mata masu suyar ƙosai, ga masu ɗaure kwalayen kifi a Tashar Baga. Masana'antar ta tafi amma sana'a ba ta bar unguwar nan ba. Wanda ya yanke waɗannan daga hoto don wurin ya fi kama da kufai ya yi ha'inci.

Na biyar, ka bar mana kwafi. Hoton unguwarmu bai kamata ya kasance a kwamfutar wani a Abuja ko Landan ba alhali mu ba mu da shi.

Mu ma akwai namu aikin. Iyayenmu da suka yi aiki a jirgin ƙasa, a Fulawa, a Neital da sauran kamfanoni, muna roƙonku ku buɗe akwatuna. Katin shaidar aiki, takardar albashi, hoton rukuni na ma'aikata, ko da ya yage, a ba matasanmu su ɗauka da waya a gabanku su mayar muku da abinku. Ɗalibanmu na Jami'ar Maiduguri da Kwalejin Ramat, musamman masu karatun aikin jarida da tarihi, ga aikin bincike a ƙofar gidanku. Ku zauna da dattijo awa ɗaya ku naɗi muryarsa: yaushe aka ɗauke shi aiki, nawa ne albashinsa, mutum nawa ne a sashensu, wace rana aka ce kowa ya tafi gida, an biya shi ko ba a biya ba. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke yi masa yoyo. Idan muka tara wannan, ranar da wani ya zo da takardar sayen fili ko wani ɗan siyasa ya zo da alƙawarin farfaɗo da masana'antu, muna da abin ɗorawa a kan tebur.

Wanda yake da tsohon hoto ko takarda, ko ya san dattijon da ya kamata a je a ji ta bakinsa, ya yi magana da kowane ɗan kwamiti ko ya turo saƙo ta wannan shafi. Wanda kuma yake ganin akwai gyara a maganata, fili a buɗe yake, amma a zo da shekara da hujja.

Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya dawwamar mana da zaman lafiya a Borno da Najeriya baki ɗaya, ya ba matasanmu abin yi na halal. Amin.

Sakataren ƙungiya,
Bolori, Maiduguri.